Ciwon Marar da Ke Kwantar da Yarinya Duk Wata: Tambayoyi da Amsoshi kan Endometriyosis

Aikin jinya nake yi a ɓangaren mata a nan Kaduna, amma yawancin tambayoyin nan ba a bakin aiki na ji su ba. A gidan suna ake jan hannuna zuwa lungu, ko a ƙofar islamiyya bayan an tashi, ko a kira ni da tsakar dare: "Sista, yarinyar nan ta sake kwanciya, tun la'asar take murƙususu." Na tattaro waɗanda suka fi dawowa, daga bakin iyaye mata, da 'yan matan kansu, da wasu iyaye maza da suka daure suka tambaya. Ni ma abin ya taɓa ni, domin ɗiyar yayata ta shekara huɗu tana wannan wahala a gaban idona kafin a kira ciwon da sunansa. Takarda ba ta duba marar lafiya, sai likita. Burina ki shiga wurinsa kin san abin da za ki faɗa da abin da za ki tambaya.

Mene ne endometriyosis ɗin nan?

A cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa mai laushi da ke yin kauri duk wata. In ciki bai shiga ba sai ta zube, ita ce jinin al'ada. Endometriyosis shi ne nama mai kama da wannan shimfiɗar ya tsiro a wajen mahaifa: a kan gidan ƙwai, a bayan mahaifa, a jikin tantanin da ya lulluɓe cikin mara, wani lokaci a kan hanji ko mafitsara. Shi ma yana amsa kiran sinadaran homon da ke juya al'ada, musamman istirojin. Sai ya kumbura ya ɗan yi jini, alhali ba shi da ƙofar fita. Wurin ya yi ta raɗaɗi, ya yi tabo, a hankali kayan ciki su fara mannewa da juna.

Ba mu gaji wani suna nasa a Hausa ba, shi ya sa yake ɓuya a ƙarƙashin "ciwon mara". Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin kashi 10 cikin 100 na mata da 'yan matan da ke shekarun haihuwa suna da shi, wato wajen mutum miliyan 190 a duniya.

Ai kowace mace tana ciwon mara lokacin al'ada. Ta yaya zan bambance?

Gaskiya ne, yawancin 'yan mata suna yi. Ciwon al'ada na yau da kullum yakan fara wata shida zuwa shekara guda bayan yarinya ta fara ganin jini. Mahaifa ce ke matsewa don ta fitar da shi, wani sinadari mai suna furostagilandin ne ke sa ta. Ciwon yana zuwa tare da jinin ko 'yan awanni kafin sa, ya yi kwana ɗaya zuwa uku ya tafi, kuma yana jin magani. Ta sha, ta ɗan kishingiɗa, ta tashi ta ci gaba da harkarta.

Wanda ke sa in ajiye biro in sake kallon yarinya daban yake. Yana farawa kwanaki kafin jini ya zo, ko ya ci gaba bayan ta yi wankan tsarki. Yana hana ta makaranta wata bayan wata, kuma ƙaruwa yake yi. Yana sauka ƙugu da cinyoyi, ya zo da amai, zawo ko taurin bayan gida, kumburin ciki, har suma. Idan za ta yi bayan gida ko fitsari a kwanakin al'ada sai ta ji kamar ana soka mata wuƙa. Sau da yawa ciwon 'yan mata ba ya ma jiran al'ada, a tsakiyar wata yana tasowa, kuma a nan suka bambanta da manya. Wadda aka yi wa aure da wuri takan ƙara da jin zafi can ciki lokacin kwanciyar aure. Babbar alama kuwa ita ce a sha maganin da ya dace, yadda ya dace, wata uku zuwa shida, ciwon ya ƙi. Yadda ake shan sa yana cikin amsar maganin farko a ƙasa.

Akwai irin da ba a cika gani ba: cibiya ta riƙa kumbura tana ɗigar jini duk wata, ko ciwon ƙirji da sarƙewar numfashi, yawanci ta dama, su riƙa zuwa tare da al'ada. Duk abin da ke bin kwanakin al'ada a faɗa wa likita, ko da an ga kamar ba su da haɗi.

'Yata shekararta 14 kacal. Wannan ba ciwon manyan mata ba ne?

Haka aka daɗe ana ɗauka, har cikin littattafan likitanci. Yanzu an san yana iya farawa tun daga al'adar farko-farko, kuma da yawa cikin matan da aka gano musu shi suna da shekara talatin, in kin tambaye su za su ce tun suna sakandare suke fama. Kwalejin likitocin mata da haihuwa ta Amurka ta bayyana a 2018 cewa cikin 'yan matan da ciwon mararsu ya ƙi jin maganin ciwo da na homon, aƙalla biyu cikin uku ana samun endometriyosis idan an leƙa cikinsu da na'ura. A ƙasashe da dama, daga fara ciwo zuwa gano shi yakan kai shekara 7 zuwa 10.

Akwai kuma tsohon zance cewa ciwon Turawa ne masu kuɗi masu jinkirin aure, wai baƙar mace ba ta yin sa. Wannan zancen ya cutar da mu ƙwarai. Wani bincike da aka yi a asibitin koyarwa na Jami'ar Ibadan, aka buga a 2015, ya samu ciwon a jikin kusan rabin matan da aka yi wa aikin leƙa ciki saboda matsalolin mata. Waɗannan dama da ƙorafi suka je, don haka ba rabin matan Najeriya ake nufi ba. Amma ya isa ya nuna ciwon yana cikinmu, neman sa ne ba a yi.

Me ke kawo shi? Ko akwai wani sakaci daga wajenmu?

Babu. Har yau masana ba su tsaya kan dalili guda ba. Bayanin da ya fi shahara na wani likitan Amurka ne, John Sampson, a 1927: lokacin al'ada wani ɓangare na jinin yakan koma baya ta bututun ƙwai ya zuba cikin mara, ɗauke da ɓurɓushin shimfiɗar mahaifa. Sai dai wannan komawar tana faruwa ga mafi yawan mata, jikinsu ya share ba wata matsala. Ke nan akwai wani abu a garkuwar jiki da kuma gado da ke sa na wasu ya kama ya tsiro. Wadda mahaifiyarta ko 'yar'uwarta ciki ɗaya ke da shi ta fi sauran kusa da samun sa nesa ba kusa ba. Shi ya sa nakan tambayi uwa, "Ke fa Hajiya, yaya taki take da kina budurwa?" Sau da yawa sai ta yi shiru, can ta ce ita ma haka ta yi, aka ce ta yi haƙuri.

Wasu 'yan mata ƙalilan da toshewa aka haife su a hanyar fitar jini: tantanin budurci a rufe ruf, ko wani shamaki a ciki, ko wani sashe na mahaifa ba shi da mafita. Irin waɗannan ciwon kan kama su da wuri. Yarinyar da ta kai 15, ƙirji ya cika, tana ciwon mara duk wata amma ba ta taɓa ganin jini ba, a kai ta asibiti. Don Allah kada a kai ta wurin wanzami ko unguwarzoma a yi mata yankan gishiri. Wannan yankan ya jefa mata da yawa cikin yoyon fitsari a Arewa.

Shan zaƙi, ruwan sanyi, ko irin ƙunzugun da take amfani da shi ba sa kawo shi. Ba a ɗauko shi a banɗaki. Ba ciwon daji (kansa) ba ne. Kuma ba shaida ba ce cewa yarinya ta san namiji.

An ce mana ciwon sanyi ne. Ta sha magani har ta gaji, ba sauƙi.

Nan ne yawancin shekarun suke salwanta. Ɗiyar yayata ta fara tana da shekara 13. A wani kemis aka ce infekshan ne, aka yi mata allurai na kwana biyar. Wata na gaba aka ce taifot. Daga nan jiƙe-jiƙe, da turare, da maganin sanyi na leda iri-iri. Ni kaina, da nake aikin asibiti, cewa nake za ta saba. Wani dare na kwana gidansu, na tashi na tarar da ita a banɗaki, ta kwantar da kuncinta a kan sanyin tayil, ta danne mara da robar ruwan zafi da ta naɗe da ɗankwali. Da na ɗaga rigarta sai na ga fatar wurin ta yi dabbare-dabbare, ta yi duhu saboda yawan gashi da zafi. Daren nan na daina cewa za ta saba.

Ciwon sanyi na gaskiya, wato cutar ƙwayoyin cuta a mahaifa da bututun ƙwai, yawanci ta saduwa ake samun sa, yana zuwa da zazzaɓi ko ruwa mai wari, kuma maganin kashe ƙwayoyin cuta yana warkar da shi. Ba ya ɓacewa ya dawo daidai da al'ada wata goma sha biyu a jere. Idan an sha irin wannan maganin sau biyu, sau uku, ba canji, a daina ƙarawa, a koma a sake bincike. Likita zai duba sauran abubuwan da ke kama da shi: cutar mafitsara, taurin bayan gida da ya daɗe, ciwon hanji mai saurin murɗawa, ƙari a gidan ƙwai, tsargiya ga yaran da suka tashi suna wanka a rafi ko dam, tibi na cikin ciki, da ciwon sikila, wanda shi ma kan tashi da zuwan al'ada.

Kakarta ta ce namijin dare ne, a yi mata ruƙiyya. Me za ki ce?

Ba zan hana kowa addu'a ba, ni ma ina yi wa nawa. Roƙona kawai kada a jingine asibiti har sai an gama ruƙiyya. A haɗa su rana guda. Kuma a kiyaye abin da ake faɗa a gaban yarinya, domin wadda aka cusa wa cewa aljani ya aure ta tana ɗaukar wannan tsoron ta ɗora a kan ciwon da take ji.

Ina za mu je, kuma me za mu riƙe?

Ana iya farawa da asibitin da ke kusa, kamar Yusuf Ɗantsoho a Tudun Wada ko Gwamna Awan a Kakuri. Idan maganin farko bai yi ba, a nemi takardar turawa zuwa likitan mata a Asibitin Koyarwa na Barau Dikko, ko Asibitin Sojoji na 44, ko Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika a Zariya. Wanda ke da rajistar inshorar lafiya, ta Jihar Kaduna, wato KADCHMA, ko ta tarayya, ya tambayi abin da take ɗauka tun kafin a fara gwaje-gwaje.

Abin da ya fi komai amfani a hannunku shi ne rubutu. Yarinya ta ware shafi biyu a bayan littafinta, wata biyu ko uku tana rubuta ranar da jini ya zo da ranar da ya ɗauke, ranakun ciwo, ƙarfinsa daga 0 zuwa 10, ko ta yi amai, ko ta fasa makaranta, da maganin da ta sha. Ku tafi da kwalayen magungunan da tsofaffin takardun gwaji. Likitan da ke da layin mutum hamsin a waje zai fahimci wannan shafin cikin minti guda. Idan ya nemi ya yi magana da ita ke kina waje na ɗan lokaci, ki yarda. Haka aikin yake, kuma akwai abin da nauyinki ba zai bar ta ta faɗa ba.

Sista, tsakani da Allah, binciken nan ba zai taɓa budurcinta ba?

Wannan tambayar ce ke tsare 'yan mata da yawa a gida, kuma na fi son a yi ta a fili. Ga wadda ba ta yi aure ba, ba dole ne a sa mata hannu ko ƙarfe ta gaba ba. Likita yana sauraron labari, ya danna ciki ta sama, ya duba waje da ido in akwai zargin toshewa. Sikanin ta saman mara ake yi, a sha ruwa mafitsara ta cika. Na'urar MRI, mai ɗaukar hoton cikin jiki, kwanciya kawai ake yi a cikinta. Kuna da damar neman likita mace, ko a sa ma'aikaciya ta tsaya a ɗakin, kuma ba a yin komai sai da yardar yarinya da taku.

Aikin leƙa ciki ta cibiya ake shiga. Sai dai ga matan aure akan sa wani ɗan ƙarfe ta gaba don juya mahaifa lokacin aikin. Ku gaya wa likitan tiyata tun a ganawar farko cewa budurwa ce, ku ji yadda zai yi ba tare da shi ba.

An yi sikanin, an ce komai lafiya lau. Ke nan ba ta da shi?

A'a. Sikanin yana ganin ƙari a gidan ƙwai, irin wanda tsohon jini ke taruwa a ciki ya yi kauri ya yi ruwan cakulan, yana kuma ganin toshewa. Amma na 'yan mata yawanci ƙananan ɗigo-ɗigo ne a jikin tantanin mara, sun fi ƙarfin idon sikanin, har da na MRI. Gwajin jini mai suna CA-125 ma ba ya tabbatarwa ba ya korewa, kada ku ɓata kuɗi a kansa don wannan.

Da can sai an leƙa ciki ake cewa an tabbatar. A jagorar da ƙungiyar masana haihuwa ta Turai, ESHRE, ta fitar a 2022, an amince a dogara da alamomi da hoto a fara magani, a bar tiyata ga wadda maganin bai yi wa ba. Don haka idan likita ya ce yana zargin endometriyosis kuma zai fara magani ba tiyata, a kan hanya yake.

Mene ne maganin farko, kuma yaya ake shan sa?

Magungunan da ke rage furostagilandin ne, irin su Brufen (wato ibufurofen), ko Ponstan, ko Cataflam. Sirrinsu lokaci ne. A fara kwana ɗaya ko biyu kafin ranar da ake sa ran jini, ko da alamar farko, a ci gaba a kan lokaci kwana biyu zuwa uku, gwargwadon yadda likita ya ƙayyade. Yawancin 'yan matanmu sai ciwo ya kayar da su suke haɗiyar ƙwaya ɗaya, sannan a ce magani bai yi ba.

A sha bayan an ci abinci, musamman da azumi. Kada a haɗa biyu daga cikinsu: na sha ganin yarinya ta sha Felvin da Brufen da Cataflam rana guda, wannan hanyar olsa ce da lahanin ƙoda. Mai olsa, mai ciwon ƙoda, mai asma, da mai sikila, duk su faɗa wa likita kafin su fara. Ana iya ƙara farasitamol a kai. Idan an yi haka wata biyu ko uku ba sauƙi, sai mataki na gaba, wanda tambaya ta gaba ke magana a kai.

Ni mahaifinta ne. Likita ya rubuta wa 'yata ƙwayar tazarar haihuwa, alhali ba ta yi aure ba. Wannan wane irin abu ne?

Alhaji, na san abin da ka ji da ka karanta takardar, mijin yayata ma kwana biyu ya yi bai bari an sayo ba. Ƙwayar nan homon ce. Aikinta a nan ta kwantar da gidan ƙwai, ta rage jinin al'ada ko ta tsayar da shi, naman da ya tsiro a waje ya rasa abin da ke tayar da shi duk wata. Cikin irin waɗannan magungunan akwai wanda ka riga ka sani: Primolut N, wanda matanmu ke sha su jinkirta al'ada lokacin aikin Hajji. Likita yana iya ba da ƙwaya mai haɗin homon biyu, istirojin da furojestin, a riƙa sha ba hutu, ko furojestin zalla kamar Visanne, ko allurar Depo-Provera ta wata uku-uku, ko ɗan ashanar da ake sawa a dantse. Akwai na cikin mahaifa, Mirena, amma ta gaba ake sa shi, don haka ba a cika zaɓar sa ga budurwa a wajenmu ba.

Ba sa hana haihuwa nan gaba. Idan an daina ƙwayar, al'ada na dawowa cikin ɗan lokaci. Allurar wata uku ce kan ja jinkiri na wasu watanni. A watannin farko ana iya ganin ɗigon jini, tashin zuciya, ciwon nono ko sauyin hali, yawanci su lafa. Allurar da Visanne suna iya ɗan rage ƙarfin ƙashi, shi ya sa ake bibiya. Yarinyar da ke ciwon ɓarin kai mai zuwa da walƙiya a ido, ko hawan jini, ko an taɓa samun gudan jini a jijiyarta, ba a ba ta mai istirojin. Mai sikila ma akan fi zaɓar mata furojestin zalla. Saboda haka ba magani ba ne da za a aika yaro kemis ya sayo don an ji ya yi wa 'yar maƙwabta aiki.

Anti, idan al'adata ta tsaya, jinin ba zai taru a cikina ba? Kuma yaya salla da azumi?

Ba abin da zai taru, 'yata. Maganin yana hana shimfiɗar mahaifa yin kauri ne, don haka babu abin zubarwa. Watan da ba ki ga jini ba kina da tsarki. Ɗigon da kan zo a tsakani kuwa, malaman fiƙihu sun yi bayani mai faɗi kan bambancin haila da istihala. Ki nuna wa malamarki ta islamiyya rubutun kwanakinki, za ta warware miki.

Yaushe ake kaiwa ga tiyata, kuma me ake yi a ciki?

Idan an yi wata uku zuwa shida ana maganin ciwo da na homon ba sauƙi, ko hoto ya nuna babban ƙari ko toshewa. Sunan aikin lafaroskofi. Ana sa ta barci gaba ɗaya, a yi ƙananan huji kamar uku, kowanne bai wuce santimita ɗaya ba, ɗaya a cibiya. A hura iska ciki ya buɗe, a zura kyamara. Abin da aka gani a yanke ko a ƙone a lokacin, a aika wani yanki ɗakin gwaji. Yawanci ana sallama ranar ko washegari. Ciwon kafaɗa na kwana ɗaya ko biyu daga iskar ne, yana wucewa.

Ku tambayi likitan ko ya saba yi wa 'yan mata. Na manya yakan fito baƙi-baƙi kamar ƙunar barbashin wuta, na yara kuwa ja ne ko garau kamar ɗigon ruwa, idon da bai saba ba sai ya wuce shi. Za a ce muku mataki na 1, 2, 3 ko 4 ne. Matakin yawan yaɗuwa yake nunawa, bai auna zafi. Yawancin 'yan mata a 1 ko 2 suke, kuma suna iya fin mai mataki na 4 shan azaba.

Tiyata tana rage ciwo amma yana iya dawowa, shi ya sa ake ci gaba da maganin homon bayanta har zuwa lokacin da ake neman ciki. Ba a son yawan taɓa gidan ƙwai, don kowane aiki a kansa yana rage ajiyar ƙwai. Cire mahaifa kuwa ba zancen yarinya ba ne ko kaɗan.

An ambata mana wata allura, Zoladex. Ita fa?

Tana cikin magungunan da ke kashe aikin gidan ƙwai na ɗan lokaci, jiki ya zama kamar na wadda ta daina al'ada: zafin jiki mai tasowa farat ɗaya, gumin dare, raguwar ƙarfin ƙashi. Tunda a shekarun nan ne yarinya ke gina ƙashin da za ta rayu da shi, ba a farawa da ita. Akan bar ta sai sauran sun gaza, yawanci bayan shekara 16, na wata shida zuwa shekara, tare da ɗan homon da ake mayarwa don kare ƙashi.

Ana cewa in ta yi aure ta haihu zai wuce. Kuma za ta ma haihu kuwa?

Aure ba ya warkar da shi. Wata ma sai bayan aure wahalar ke ƙaruwa, saboda zafin saduwa da take ɓoyewa. Ciki da shayarwa suna tsayar da al'ada, sai a samu hutu, amma ciwon kan dawo bayan yaye. Kada a cire yarinya daga makaranta a aurar da ita da sunan magani.

Batun haihuwa kuwa, gaskiya ne wasu kan samu jinkiri, ana ƙiyasta kashi 30 zuwa 50 cikin 100 na masu ciwon. Sauran suna haihuwa ba tare da wani taimako ba, masu jinkirin ma da yawa suna samu bayan magani ko tiyata. Idan ta yi aure tana son ciki, ta koma wurin likita a tsara daina maganin. In an yi wata shida zuwa shekara shiru, a koma da wuri.

Akwai abin da za mu yi mata a gida?

Ɗumi yana taimakawa, amma a naɗe robar da tawul, kada a kwana da ita a jikin fata. Shayin citta, tafiya da motsa jiki a ranakun da ba ciwo, isasshen barci, da ganye da ruwa don kauce wa taurin bayan gida, duk suna rage nauyi. Jar kanwa da ake jiƙa wa 'yan mata ba na goyon bayanta: gishiri ne mai yawa, kuma tun shekarun 1970 likitocin Zariya suka danganta yawan shan kunun kanwa da ciwon zuciyar masu jego.

Wanda ya fi tayar min da hankali shi ne tiramadol, da kodin, da allurar fenta mai kashe ciwo da wasu ke yi wa yara a ɗaki. Gwamnatin tarayya ta hana haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018 saboda ɓarnar da ya yi wa matasa. Yarinyar da ke azaba duk wata, aka ɗanɗana mata abin da ke ɗauke ta cikin minti goma, da wuya ta ƙi komawa. Idan kuma kin ga ta rage magana, ta ƙaurace wa ƙawaye, tana yawan kuka, a faɗa wa likita, ciwo mai daɗewa yana jawo ciwon damuwa kuma ana maganinsa.

Yaushe ne ba a jira, sai garzayawa asibiti?

Ciwo mai tsanani da ya zo farat ɗaya a gefe guda tare da amai, domin gidan ƙwai na iya murɗewa, kuma awanni kaɗan ne tsakanin ceto shi da rasa shi. Ciwo ta dama da zazzaɓi, saboda afendis. Suma, ko jinin da ke jiƙa audugar mata duk awa. Ciwon mara ga wadda al'adarta ta yi jinkiri kuma akwai yiwuwar ciki. Kumburin ƙafa ɗaya, ciwon ƙirji ko sarƙewar numfashi ga mai shan ƙwayar homon. Kada a ba ta abinci a hanya, ƙila a buƙaci tiyata.

Za ta rubuta WAEC bana, kuma makarantar kwana take. Me za mu yi?

Ku ga likita tun zangon farko, kada ku bari sai Afrilu. Maganin homon yana buƙatar kamar wata uku kafin jiki ya daidaita, kuma ba a son ɗigon jini da tashin zuciyar farko su faɗo cikin Mayu da Yuni. Ku karɓi wasiƙar likita ku kai wa shugabar makaranta da mai kula da ɗakin kwana, a rubuta sunan maganin da dalilin shan sa, don kada a gan shi a akwatinta a yi mata mummunar fassara a gaban ɗalibai. A roƙa mata izinin ajiye maganin ciwo a hannunta, da samun ruwan zafi, da fita banɗaki lokacin darasi.

Haka muka yi wa ɗiyar yayata bayan an yi mata tiyata. Da ta dawo hutu ta miƙo min littafin nata: watan da a da take cika shi da 8 da 9, yanzu 3 ne sau biyu, da 5 guda ɗaya ranar da ta manta ƙwayar. Ta zauna duk takardunta, kuma har yau duk wata shida muna komawa wurin likita da littafin.